Amsa: Ina ruwan Nijar da Chadi da dam ɗin Tiga?

Malam, ka tambaya me ya sa ake ambaton Nijar da Chadi in ana maganar dam ɗin Tiga, alhali a ƙasar Kano aka gina shi. To, bi ruwan da ƙafa ka gani. Kogin Kano, wanda aka gina dam ɗin Tiga a kansa, da na Challawa ne suke haɗuwa su zama kogin Haɗejiya, shi kuma ya tarar da na Jama'are su zama Komadugu Yobe. Wannan kogin ne iyakarmu da Nijar ta wajen Diffa, kafin ya faɗa tafkin Chadi.

Tun da aka gama Tiga a 1974, aka ƙara da dam ɗin Challawa a 1992, ambaliyar da fadamun Haɗejiya da Nguru suka saba samu ta ragu, ga ciyawar kacalla ta toshe hanyoyin ruwa. Tumatirin Kadawa da Kura da muke saye kwando-kwando a kasuwar 'Yan Kaba, ruwan Tiga da ya shayar da shi mai noman tattasai a Diffa yana da rabo a ciki. Ni dai ina ganin ƙorafin mutanen Nijar da Chadi kan raguwar ruwan da hujja.

Amma kar a ɗora mana laifin ƙafewar tafkin gaba ɗaya, don mafi yawan ruwansa daga kogunan Chari da Logone yake zuwa. Akwai kuma wurin zama a sasanta: Hukumar Tafkin Chadi, wadda Najeriya da Nijar da Chadi da Kamaru suka kafa a 1964, hedikwatarta tana Njamena.