Akwatin tsohon sojan doki: in saya ko in bari?

Tambaya: Malam, wani na so ya sayar min da kayan wani sojan doki na Ingila da aka ce ya yi yaƙin Kirimiya, wanda Ingila da ƙawayenta suka yi da Rasha. Akwai lambar yabo ta azurfa mai ɗan ƙarfe da aka rubuta Balaklava, da takobi, da ƙaimi, da tsohon hoto. Ya ce mutumin na cikin waɗanda suka kai farmakin nan da ya yi suna. Yaya zan gane gaskiya ne, kuma in na saya in goge su su yi ƙyalli?

Amsa: To ɗan'uwa, kar ka yi gaggawa. Wannan ƙarfen na Balaklava shi ne ke ruɗar mutane da yawa. Farmakin da ake magana, wato wanda sojojin dokin Ingila suka kai wa igwogin Rasha a wani kwari kusa da garin Balaklava, an kai shi ne ran 25 ga Oktoba 1854, mahaya kusan 670 daga rundunoni biyar, amma ƙarfen ba su kaɗai aka ba ba, sojoji masu yawa da suke filin a ranar sun samu, har da na ƙasa irin runduna ta 93. Kenan ƙarfen ya nuna mutum na wajen ne kawai, bai nuna ya sukwano da doki cikin kwarin ba.

Sai ka juya lambar ka duba gefenta. Yawancin lambobin Kirimiya an raba su ne babu suna, daga baya wasu aka buga musu, wasu kuma sojan da kansa ya kai aka zana masa, to nan ne 'yan jabu ke shigowa, su kankare sunan wani su sa na wanda zai yi tsada. In gefen ya yi siriri a wuri ɗaya, ko ka ga sawun kankara, to akwai magana. Faɗinta milimita 36 ne, ka auna ka ga ko ya ragu.

Abin da ni na fi damuwa da shi shi ne takarda. Suna, lambar soja da runduna, ka bi su a gidan adana tarihi na Ingila da ke unguwar Kew a Landan, rajistar lambobin yabo tana ƙarƙashin rukunin takardu mai lamba WO 100, takardun sallama kuma WO 97. In sunan bai fito ba, ka biya kuɗin kayan kawai, kar ka biya kuɗin labari.

Takobin ƙaramin soja kayan gwamnati ne, ana mayar da shi, hafsoshi ne ke sayen nasu, saboda haka ka tambaya me ya haɗa takobin da wannan mutumin.

Batun gogewa kuwa, don Allah a'a. Duhun nan na azurfa masu tarawa suna son sa, man goge ƙarfe kuma cinye rubutu yake. Busasshen ƙyalle mai laushi ya isa, ka ajiye inda babu danshi, hoton nesa da rana. Kuma kar ka yarda a raba kayan a sayar ɗaya-ɗaya, in dai na mutum ɗaya ne su zauna tare da takardunsa.