Igwar tsakar rana da makwantan Tana Baru

Ɗana, saƙonka ya iso, Allah ya ba da sa'ar karatu. Ka ce tun da ka sauka Cape Town, ƙarfe 12 na rana ba ta yi sai ka ji tashin igwa daga kan dutse, kuma maƙwabcinka mai niyyar Hajji ya gayyace ka ziyarar kaburbura a dutsen nan, kana tambaya ko ka bi shi.

Ni ma ranar da na fara jin ta sai da gabana ya faɗi. Dutsen shi ne Signal Hill, don a da daga kansa ake ɗaga tutoci a sanar da gari cewa jirgin ruwa na tafe. Igwar kuwa agogo ce. Tun 1806 ake harba ta domin matuƙan jirage su saita agogonsu, saboda a tsakiyar teku da sahihin lokaci suke lissafa inda suke. Hayaƙin ma suke dubawa, don yana riga ƙarar isa gare su. A cikin gari take da farko, sai a 1902 aka hau da ita dutsen. Ranar Lahadi ba za ka ji ta ba.

Maganar kaburbura ita ce ta fi damuna. Jiragen nan ba kaya kaɗai suka kawo ba, har da mutane cikin sarƙa. Turawan Holan sun riƙa kwaso bayi da malamai da 'ya'yan sarauta daga tsibiran Indunusiya suna jibge su a nan. Cikinsu akwai Tuan Guru, mutumin Tidore, wanda aka kawo a 1780 aka tsare a tsibirin Robben, inda daga baya aka ɗaure Mandela. A kurkukun nan ya rubuta Alƙur'ani da ka! Da ya fito ya buɗe makaranta, ya yi limanci a masallacin Auwal da aka kafa a 1794, na farko a Afirka ta Kudu. Ya rasu a 1807, yana kwance a maƙabartar Tana Baru, a jikin dutsen, sama da unguwar Bo-Kaap. Da hukuma ta rufe maƙabartar a 1886, dubban Musulmi suka ɗauki gawar wani yaro suka haura suka binne shi a can, ko an ƙi ko an so.

Shi ya sa maniyyacinsu ba ya tashi sai ya je ya gaida waɗanda suka riƙe masa addini lokacin da riƙonsa ke da wuya. Makwancin irin waɗannan bayin Allah suna ce masa kramat, asalin kalmar karama ce.

Ka bi shi, ɗana. Ka yi alwala, ka sa hula, ka cire takalmi a ƙofa. Ka yi musu sallama, ka nema musu gafara, buƙatarka kuma ka kai ta ga Allah shi kaɗai. In ka ga abin da bai kwanta maka ba, ka riƙe bakinka, baƙo kake. Ka ɗauki rigar sanyi, iskar saman dutsen nan ba ta da daɗi.

Mutanen gida na gaishe ka.

Kawunka.