Dole ne in ƙarasa littafin da ya gundure ni?

Kin ce kin fara wani littafi da kowa ke yabawa, ya gundure ki tun ba ki kai tsakiya ba, kina tambaya ko dole ne ki ƙarasa shi. Ba dole ba ne, 'yar'uwa. Ki ba shi kamar shafi 50 tukuna. In kin rufe shi ba ki ƙosa ki san abin da ke gaba ba, ki ajiye ki ɗauki wani. Abin da nake jiye miki shi ne tilasta wa kai, don shi ke raba mutum da karatun gaba ɗaya: littafin na gefen gado wata da watanni, waya ce kullum a hannu.

Sai dai ki duba lokacin da kike karanta shi. Ni na lura littafin tarihi ba ya shiga kaina da daddare, layi ɗaya nake ta maimaitawa har barci ya sace ni. Da safe kuwa, da fensir a hannu ina ja wa jimloli layi, ban san sa'ad da nake gama babi ba. Ki sauya masa lokaci kafin ki yanke masa hukunci.