Akwatin Masu Karatu: Rubuta wa Yara Labarin Tamaula

Wasiƙun wannan fitowa daga Sudan suka zo, kuma duk a kan abu guda: ƙagaggen labarin wasanni don 'yan firamare da 'yan mutawassiɗa, wato makarantar da ke bin firamare. Mun taƙaita tambayoyin don amsa ta samu wuri.

Wata malama daga Gadarif: Na rubuta wa 'yan aji shida labarin wasan ƙwallo tsakanin unguwanni biyu, shafi tara, tun daga busa usur har tashi. Kafin in kai hutun rabin lokaci sun fara hamma, alhali yaran nan ko abinci suna bari saboda ƙwallo. Ina na kuskure?

Malama, aikin mai sharhin rediyo kika yi. A fili ƙafar yaro ce ke riƙe hankalinsa. A takarda kuwa ba abin da zai riƙe shi sai fargabar abin da za a rasa. Saboda haka tun kafin a take wasa ki sanar da mai karatu abin da ke rataye a wuyan jarumin, kuma kada ki ce kofi. Kofi ba ya tsorata ɗan shekara goma sha ɗaya. Abin da ke tsorata shi: ƙwallon ta yayansa ce, ya ɗauko ba izini, ga ƙaya a gefen fili. Ko kuma an yi yarjejeniya cewa unguwar da aka ci za ta bar filin har ƙarshen damina. Ko ranar wasan ta faɗo daidai lokacin yankan riɗi, kuma baba ya ce kowa gona. Ke da kike Gadarif ba sai an faɗa miki abin da ke faruwa da riɗi in ya bushe ba a yanke ba.

Cikin shafi taran nan, uku sun ishi wasan kansa. Sauran shidan na kafin wasa ne da bayansa. A cikin ukun ma ki zaɓi lokuta uku ko huɗu kawai: kuskuren da jarumin ya tafka da wuri, lokacin da aka ci su, abin da ya canza, sai bugun ƙarshe. Abin da ke tsakani jimla ɗaya ta ɗauke shi: "Har inuwar dalbejiya ta kai tsakiyar fili ba wanda ya ƙara ci."

Ki kuma tsaya a idon yaro ɗaya. In mai tsaron gida ne jaruminki, abin da yake gani kawai za mu gani. Dubi bambancin. Mai sharhi zai ce an yi ta kai hare-hare masu zafi. Mai labari zai ce: "Dogon yaron ya yanke mutum biyu ya taho. Ƙura ta rufe ƙwallon, ƙafafu kawai ake gani. Silifas ɗin da aka ajiye a matsayin turken hagu na ƙanen mai tsaron gidan ne, kuma can dogon yake kallo. Mai tsaron gidan ya faɗa hagu tun kafin a buga." Jimlolin gajeru ne, fi'ili ya fi sifa yawa, kuma akwai abu guda, silifas ɗin, da ba a kowane fili ake samunsa ba.

Tsawo kuma: ga 'yan shekara 6 zuwa 8, kalma 300 zuwa 600 da hoto a kowane shafi. Ga 'yan 9 zuwa 13, babi-babi, kowanne kalma 800 zuwa 1,200, abin da za a karanta a fili cikin minti goma ko ƙasa da haka. Ki yanke babi kafin a san sakamakon bugu, kada ki yanke bayansa.

Wani uba daga Mai Wurno: Ɗana shekararsa 11. Hausa muke yi a gida, amma Larabci kaɗai yake iya karantawa. Ina so in rubuta masa labarin ƙwallo da Hausa. Da boko zan yi ko da ajami?

Malam, ka fara da harufan da ya riga ya sani, wato ajami. In ka haɗa masa koyon sababbin harufa da koyon son karatu lokaci guda, zai ajiye duka biyun. Boko ya biyo baya, in labarin ya riga ya kama shi.

Sai dai akwai tarkon da ya shafi yaran Sudan musamman. A ajamin Hausa na gargajiya, da ق ake rubuta ƙ, da غ ake rubuta g, da ث ake rubuta c, da ط ake rubuta ɗ. To amma a Larabcin da ake yi a titin Sudan, ق kamar g ake furta ta. Ka rubuta "ƙasa", yaro ya karanta "gasa". Ka rubuta "ƙarin lokaci", ya karanta "garin lokaci". A labarin wasanni kuwa ba ka da mafita daga waɗannan kalmomi. Maganinsa ka yi ɗan jadawali a shafin farko, harafi da kalmar misali, layi shida ko bakwai, ka zauna ku bi shi tare sau ɗaya, sannan kada ka sauya tsari a tsakiyar littafi. Ka sa wasali a kowace kalma. Larabci yana karantuwa ba wasali, Hausa ba ta yi. Wasalin e ɗigo ne a ƙarƙashin harafi, kuma yaron makarantar gwamnati bai saba da shi ba, don haka ka saka shi a jadawalin.

Kada ka tsarkake bakin yaran labarin. In a filinku ana cewa kura (ƙwallo), gon (ci), hakam (alƙalin wasa), dafuri (wasan ƙwallon unguwa), to haka za su faɗa a cikin zance. Muryar mai ba da labari ita ce za ta ce ƙwallo, alƙalin wasa, satar gida, bugun kusurwa. Ta haka yaro ke tsintar kalmar Hausa ba tare da an mayar da labarin darasi ba. In da hali ka naɗi muryarka kana karanta babin a waya, ya saurara yana bin layi da yatsa.

Wani matashi daga Kasala: Na karanta wa ƙannena labarina, suka fashe da dariya wai jarumina ya ci da jifa kai tsaye, kuma ba a yin haka. Dole ne sai na bi dokokin wasa a ƙagaggen labari?

Ƙannenka sun yi gaskiya. Ƙwallon da aka jefo daga gefe ta shiga raga ba wanda ya taɓa, ba ci ba ce, bugun gola ake ba ɗaya ɓangaren. Yaro zai yafe maka aljani a labari, amma ba zai yafe maka wannan ba, don nan ne fagen da ya fi ka sani.

Ga wuraren da marubuta suka fi zamewa. Babu satar gida ga wanda ya karɓi ƙwallo kai tsaye daga jifa, ko bugun kusurwa, ko bugun gola. Wanda ya buga fenariti, in ta daki turke ta dawo, ba zai sake taɓa ta ba sai wani ya taɓa, amma in gola ne ya ture ta, yana iya bi ya ci. Gola ba ya kama ƙwallon da ɗan ƙungiyarsa ya miƙo masa da ƙafa da gangan, dokar da ta fara aiki a 1992, amma in da ka ko ƙirji aka miƙo, halal ce. Fenariti daga mita 11 ake bugawa, katanga kuma mita 9.15 take tsayawa. Faɗin raga ta manya mita 7.32, tsayinta 2.44, saboda haka in ka tsayar da ɗan shekara goma a ciki, ka nuna mana yadda ta yi masa yawa.

Amma shawararmu ita ce ka bar filin ciyawa ka koma dafuri, inda dokokin na yaran ne. Duwatsu ko takalma ne turaka. Babu sandar sama, don haka kullum ana gardamar ko ƙwallon ta yi sama da yawa. Mai ƙwallo dole a sa shi ko bai iya ba. Kiran magariba ne usur na ƙarshe. Ga kuma ƙwallon safa, kurat sharab: a cusa tsumma cikin tsohuwar safa har ya yi dunƙule, a murɗe, a juyo ragowar safar ta rufe shi, a sake murɗewa, a ɗinke baki. Ba ta tsalle, kuma in ta sha ruwa nauyinta ya ninka. Babi guda a kan yadda aka sace safar kaka aka yi ta ya fi babi uku na filin da yaran ba su taɓa shiga ba.

Wani malamin tarihi daga Wad Madani: Zan iya gina labarin a kan abin da ya faru da gaske?

Sosai, kuma Sudan ba ta rasa abin ginawa ba. A Khartum aka yi gasar cin kofin Afirka ta farko a 1957, ƙasashe uku kacal: Masar, Sudan da Habasha. A 1970 Sudan ta sake karɓar baƙunci ta ci Ghana 1-0 a wasan ƙarshe ta ɗauki kofin. A 1989 Al-Merrikh ta Umdurman ta ci kofin zakarun kofuna na Afirka a hannun Bendel United ta Najeriya, wanda ga yaron da ke da dangi a ƙasashen biyu abin tattaunawa ne a gida. In an gaji da ƙwallo, ga Isma'il Ahmad Isma'il da ya ciyo azurfa a tseren mita 800 a Beijin a 2008, lambar Olamfik ta farko ga Sudan. Tseren zagaye biyu ne na fili, ana kaɗa ƙararrawa in saura ɗaya, wato tsarin labari ya zo maka a shirye.

Ƙa'idar ita ce abin da ya faru ya tsaya a bango, yaronka na ƙirƙira ya tsaya a gaba. Sakamako da shekara da wuri ka bar su yadda suke. Kada ka sa wa ɗan wasa na gaske maganar da bai faɗa ba. Hanya mafi sauƙi: wanda yake ɗan shekara 11 a 1970 yanzu kaka ne, sai ya ba jikansa labarin yadda unguwa ta taru a kan rediyo ɗaya da batirinsa ke neman mutuwa. Kuma a kula da Hilal da Merrikh, manyan ƙungiyoyin Umdurman biyu masu hamayya, Hilal mai shuɗiyar riga, Merrikh mai ja. Ka sa wa mugun da ke cikin labarin shuɗiyar riga ko ja, ka rasa rabin aji.

Wata ɗalibar mutawassiɗa daga Sinnar: Me ya sa kullum maza ne ke wasa a labaran, mata suna kawo ruwa?

'Yata, don marubutan ba su duba da kyau ba. An buɗe gasar ƙwallon mata ta Sudan a Satumban 2019. Ga gudu, ga ƙwallon raga a makarantu, ga carafke da 'yar gala-gala, waɗanda ke da ci da faɗuwa da gardama kamar kowane wasa. Ki rubuta naki. Abu ɗaya za ki kiyaye: kada labarin ya ƙare a neman izini. A ba jarumar izini a babi na biyu, mu ga ta yi wasa, ta yi kuskure, ta gyara.

Wata uwa da ke gudun hijira a Bur Sudan: Yaran da nake karantarwa sun baro gidajensu tun da yaƙi ya ɓarke a Afrilun 2023. In sa yaƙin a labarin, ko in kauce masa?

'Yar'uwa, Allah ya kawo ƙarshensa. In kin kauce gaba ɗaya, yaran za su ji labarin ba nasu ba ne. In kin zuba shi duka, kin mayar da su inda suka baro. Ki shigo da shi ta ƙofar wasan: ƙungiya ta watse, mai tsaron gidansu ba a san garin da yake ba, sabon yaro ya zo unguwar da ba a san ya iya ba, sai an ɗauke shi na ƙarshe wajen raba 'yan wasa. Ko manya abin ya same su, don Hilal da Merrikh a gasar Muritaniya suka buga kakar 2024 zuwa 2025. Ban da harbi a idon mai karatu, ban da sunan wani ɓangare ko ƙabila a matsayin mugu. Ki fara karanta wa yara biyu ko uku kafin aji, in wani ya yi shiru ya sunkuyar da kai, ki sassauta wurin.

Kin kuma tambaya ko dole jarumin ya yi nasara. Ba dole. Ana iya cin su 2-1 amma a kira shi da sunansa a karon farko, a ce gobe ya dawo. Abin da ba ya karɓuwa shi ne ci na minti na ƙarshe da ba a shuka shi ba. In da ƙafar hagu zai ci, mu gan shi yana dukan bango da ita tun babi na uku.

Wani mai shagon fotokwafi daga Damazin: Yaya ake mayar da labarin ɗan littafi ba tare da maɗaba'a ba?

Takardar A4 a naɗe biyu tana ba da shafi huɗu, don haka yawan shafuka ya rabu da huɗu: takarda 8, shafi 32. Girman rubutu 14 zuwa 16, ajami mai wasali kuma 18 da tazara mai faɗi tsakanin layuka, in ba haka ba wasalin sama da na ƙasa su cakuɗe a fotokwafi. Zane da baƙin biro mai kauri, don fensir da inuwa-inuwa ba sa fita. Kafin ka buga da yawa, naɗe fararen takardu ka rubuta lambar shafi a kowanne ka warware, za ka ga shafi na 32 da na 1 fuska ɗaya suke zama, 2 da 31 a bayansu. In ajami ne littafin daga dama yake buɗewa, sai jerin ya juya. Bango da takarda mai kauri, ƙusar sitefula biyu a tsakiyar naɗin, bakinsu ya lanƙwashe ta ciki, a manna salatif a kai don kada ya soki yatsa.