Tsaunukan garinmu sun yi zobe, ko akwai zinariya a ciki?

Tambaya: Malam, na duba hoton tauraron ɗan'adam, sai na ga tsaunukan bayan garinmu sun yi zobe. Wani baƙo ya gaya wa mahaifina cewa wannan shi ne zoben da masana duwatsu suke faɗa, kuma lallai akwai zinariya a ciki, har ga shi Baba yana shirin sayar da gona don a fara haƙa. Hankalina ya tashi ƙwarai.

Amsa: Ka roƙi mahaifinka cikin ladabi ya dakata da maganar gonar nan.

Zobe a bakin kowa siffa ce kawai. Idan aka duba daga sama, ganuwar tsohon kufai tana yin zobe, haka ma tudun marmara da ruwa ya cinye gefensa. Zoben da mu masana duwatsu muke nufi kuwa bayani ne kan yadda dutsen ya samu: rufin wani tsohon dutse mai aman wuta ya rufta, narkakken dutsen da ke ƙasa ya bi tsagar da ta kewaye wurin, ya daskare. Irinsa ne ya jeru daga Azbin, inda shekarunsa suka haura miliyan 400, ya ratsa Damagaram da Riruwai ta jihar Kano har zuwa Jos. Da nau'in dutsen da shekarunsa ake tabbatar da shi, hoto ba ya isa hujja.

Abin da ya fi ƙona mini rai, kuma kusan kullum sai na ji shi, shi ne zaton cewa siffar tsauni tana nuna dukiyar da ke cikinsa. Ko da zoben naku na gaskiya ne, abin da aka san irinsa da shi kuza ce da wani baƙin ma'adini mai suna kolombait, kuma ba kowanne ke da adadin da zai biya kuɗin haƙa ba. Zinariyar Anka da Maru da Birnin Gwari tana cikin jijiyoyin farin dutse ne waɗanda suka miƙe a cikin duwatsun da suka girmi na zoben nesa ba kusa ba. Saboda haka wanda ya haɗa zobe da zinariya, ko dai bai san aikin ba, ko kuwa ya san abin da yake nema a aljihun mahaifinka. Za ka ga irinsa suna yawo da na'ura mai ƙara, wadda ko tsohuwar ƙusa ta ji sai ta yi kuka, su karɓi kafin alƙalami, su bar matasa cikin rami marar tokari da damina. A 2010 sama da yara 400 gubar dalma ta kashe a Zamfara, saboda ana niƙa dutsen zinariya a tsakar gida ba tare da an gwada abin da ke cikinsa ba.

Ku fasa dutse daga wurare daban-daban na tsaunin, ku rubuta inda kuka ɗauko kowanne, ku kai sashen nazarin duwatsu na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya a duba muku. Ku kuma sani cewa a dokar Najeriya ma'adinan ƙasa na gwamnatin tarayya ne, don haka ku nemi baƙon nan ya nuna muku lasisinsa tun kafin a ɗaga diga.