Zaɓen jiha a Ostireliya: amsa ga ƙanena injiniya da ke shirin nema

Assalamu alaikum, ƙanena. Na karanta saƙonka da kyau. Ka ce kai injiniyan gine-gine ne mai shekara 31, ka yi shekara shida kana aiki a Kaduna, kana da mata da ɗa guda, kuma wani dillalin biza ya shaida maka cewa da zarar wata jiha ta Ostireliya ta zaɓe ka, aiki da gida suna nan suna jiranka, in dai ka biya kuɗin da ya yanke. Zan fara da wannan magana tasa, domin ita ce ta fi damuna. Zaɓen jiha ba aiki ba ne, babu albashi a cikinsa, babu kuma masauki. Abin da jiha take yi shi ne ta shaida wa Ma'aikatar Harkokin Cikin Gida ta tarayya cewa tana buƙatar mai irin sana'arka, sai wannan shaida ta ƙara maka maki a lissafin da ake auna masu nema da shi, ta kuma jawo maka gayyatar neman biza. Bizar kanta gwamnatin tarayya ce ke bayarwa ko ta hana, neman aiki kuwa yana wuyanka bayan ka sauka.

Ƙasar tana da jihohi shida da yankuna biyu, kuma kowanne yana iya zaɓen mutum a ƙarƙashin biza iri biyu. Ta farko ita ce mai lamba 190, wadda ke ba da izinin zama na dindindin tun ranar da aka amince, zaɓen jiha a kanta yana ƙara maki 5, kuma galibin jihohi suna karɓar alkawarin cewa za ka zauna ka yi aiki a cikinsu na shekara biyu. Ta biyu ita ce mai lamba 491, wadda aka fara a watan Nuwamba na 2019. Ta wucin gadi ce ta shekara biyar, tana ƙara maki 15, kuma sharaɗinta shi ne kai da iyalinka ku zauna, ku yi aiki, ku yi karatu a wuraren da doka ta kira na wajen manyan birane. Bayan shekara uku a kanta, idan ka kiyaye sharaɗin kuma ka gabatar da takardun hukumar haraji na shekara uku, kana iya neman biza mai lamba 191, wadda ita ce ta dindindin.

Mutanenmu da yawa suna raina 491 saboda sun ɗauka daji za a kai su, kuma a ganina wannan raini ya jawo wa wasu asarar shekaru a banza. A dokar shige da ficen ƙasar, birane uku ne kawai ba sa cikin wannan rukuni, wato Sidni da Melbon da Brisbane. Perth da Adelaide da Hobart da Darwin, har ma da Kanbera babban birnin tarayya, duk suna ciki. Adelaide da nake zaune tana da mutum sama da miliyan ɗaya, da jami'o'i da manyan asibitoci, da masallacin da masu raƙuma 'yan Afganistan suka gina a tsakiyar gari tun wajen 1888, wanda har yau ake sallar Juma'a a cikinsa. Mai riƙe da 491 kuma yana da damar shiga Medicare, tsarin kiwon lafiya na gwamnati, abin da ke da nauyi ga mai iyali.

Bari mu yi lissafin makinka tare. Shekarunka suna tsakanin 25 da 32, wannan maki 30 ne. Digirin farko maki 15, shekara shida na aiki a wajen Ostireliya maki 10. Idan ka ci 7 a kowane ɓangare huɗu na jarrabawar Turanci ta IELTS ka sami 10, idan kuma maiɗakinka ta ci 6 a kowane ɓangare an ƙara maka 5. Jimla 70 ke nan, sai ta zama 75 a kan 190, ko 85 a kan 491. Mafi ƙarancin abin da doka ta nema 65 ne, kuma a nan dillalai ke yaudarar mutane, domin 65 damar shiga layi kawai take bayarwa, alhali a sana'o'in da suka cika da masu nema, irin su injiniya da akanta da aikin kwamfuta, waɗanda ake gayyata sukan zarce haka nesa ba kusa ba. Wurin da ya rage a hannunka shi ne Turanci, saboda cin 8 a kowane ɓangare yana mayar da 10 ɗin nan 20. Kada ka ce ai da Turanci ka yi karatu tun firamare. Masu fasfon Birtaniya da Ailan da Amurka da Kanada da New Zealand kaɗai aka ɗauke wa jarrabawar a matakin farko, wato na cin 6, kuma ɓangaren rubutu ya sha kayar da masu digiri biyu. Ka lura kuma cewa ranar da ka cika 33 makin shekarunka zai sauko zuwa 25, wanda ya kai 45 kuwa ƙofar ta rufe masa gaba ɗaya.

Kafin duk wannan akwai tantance sana'a, wanda ba a shiga layi sai da shi. Kowace sana'a da hukumarta: malaman jinya suna bi ta ANMAC, masu aikin kwamfuta ta ACS, malaman makaranta ta AITSL, masu sana'ar hannu ta TRA, ku injiniyoyi kuma ta Engineers Australia. Yawancin waɗanda suka yi digiri a Najeriya rahoton ƙwarewa suke rubutawa, mai ɗauke da labarin ayyuka uku da mutum ya yi da kansa, inda zai bayyana matsalar da ya tarar, da lissafin da ya yi, da dalilin da ya sa ya zaɓi wannan mafita ya bar waccan. Idan ka taɓa tsara magudanar ruwa a wata unguwa, ka faɗi yadda ka auna yawan ruwan sama da faɗin kwalbati, ka kuma rubuta "na yi" a inda kai ka yi, domin ba aikin kamfaninku ake tantancewa ba, naka ake dubawa. Ina roƙonka kada ka sayi rubutaccen rahoto a wurin kowa. Ana binciken satar rubutu, kuma wanda aka kama ana hana shi sake nema na wani lokaci.

Abin da ya fi wahalar da mutanenmu shi ne hujjar aiki. Wasiƙar shaida daga wurin aiki, a kan takardar kamfani mai hatimi, dole ta nuna ranar farawa, da sa'o'in aiki a mako, da ayyukan da kake yi dalla-dalla, amma ita kaɗai ba ta wadatar ba. Za a so a ga albashin yana shiga: takardun biyan albashi, da bayanin asusun banki wata bayan wata, da takardar haraji, da bayanin asusun fansho. Idan a shekara biyun farko a hannu ake ba ka kuɗi a ambulan, babu wata alama a banki, to shawarata ita ce kada ka ƙirga su, ko da hakan zai sauko da kai daga maki 10 zuwa 5. Dalili shi ne duk makin da ka rubuta sai ka tabbatar da shi bayan gayyata, kuma idan ya gaza za a ƙi bizar, kuɗin nema, wanda a 2025 ya kusa dalar Ostireliya 5,000 ga kai kaɗai, ban da na mata da ɗa, ya tafi ke nan. Takardar jabu ko bayanin ƙarya kuwa suna jawo haramcin shekara uku, idan kuma shakkar ta shafi ko kai wane ne, shekara goma.

Wannan ya kawo ni ga sunaye. Ɗauko takardar WAEC da ta digiri da ta bautar ƙasa da fasfo da takardar aure, ka shimfiɗa su a tabarma ɗaya ka duba. Sau da yawa za ka tarar Muhammad a nan, Mohammed a can, sunan gari a matsayin sunan mahaifi a wata, ranar haihuwa kuma ta bambanta. A gida ba ma ɗaukar wannan a bakin komai, amma jami'in da bai san al'adar sunayenmu ba mutum biyu yake gani. Ka gyara abin da ke gyaruwa, ka yi rantsuwar kotu a kan sauran, tun kafin ka tura wa kowace hukuma komai.

Idan sakamakon tantancewa da na Turanci suka zo hannu, sai ka cike takardar nuna sha'awa a SkillSelect, rumbun intanet na gwamnatin tarayya da ke ajiye bayanan masu nema. Kyauta ce, kuma tana zama a rumbun shekara biyu. Daga nan kowace jiha da tsarinta. Wasu suna tsamo mutane kai tsaye daga rumbun, Biktoriya da Tasmaniya suna neman ƙarin rajista a wurinsu, Kanbera kuma tana da jadawalin maki nata na daban. Jihohi da dama suna fifita wanda ya riga ya zauna yana aiki a cikinsu, don haka ka karanta sharaɗin masu nema daga waje, ba na mazauna ba. Shekarar shirin tana farawa ne ran 1 ga Yuli ta ƙare ran 30 ga Yuni, kuma tarayya ce ke raba wa jihohi gurabe a kowace shekara. A 2024 zuwa 2025 gurabe 26,260 aka raba, a shekarar da ta biyo baya aka rage su zuwa 20,350. Jerin sana'o'in da jiha ke so yana canzawa, kuma tana iya rufe karɓa da zarar rabonta ya ƙare, shi ya sa babu dillalin da zai iya yi maka alkawarin zaɓe da gaskiya. Idan jiha ta zaɓe ka, kwana 60 ne gare ka ka shigar da neman biza ta intanet, sannan gwajin lafiya da takardar 'yan sanda daga duk ƙasar da ka zauna wata 12 a cikin shekara goma da suka wuce.

Game da dillalin naka, tambaye shi lambar rajistarsa ta OMARA, ofishin da ke yi wa wakilan shige da fice rajista, ka duba ta da kanka. Doka ba ta tilasta maka ɗaukar wakili ba, kuma mutum mai ilimi irinka yana iya cike komai da hannunsa.

Ka tanadi kuɗin zama na wata uku zuwa shida, domin a nan da mako ake lissafin haya, ana kuma karɓar ajiya ta kusan mako huɗu kafin a ba ka makulli, sannan masu ɗaukar aiki sukan tambayi ko ka taɓa aiki a ƙasar. Injiniyoyi da yawa suna farawa da matsayin da bai kai nasu na gida ba, wasu a garuruwan masana'antu irin su Whyalla, inda gasa ba ta kai ta birni ba, kafin su hau. Alkawarin shekara biyu na 190 kuwa, ko da ka ji ana cewa ba a rubuta shi a jikin bizar ba, ni ina ganin wanda ya sa hannu ya cika, domin jihohi suna bibiya, kuma ɗabi'ar waɗanda suka riga zuwa tana shafar yadda ake kallon na baya.

Ka fara da yin rajistar jarrabawar Turanci kai da maiɗakinka a wannan watan, ka kuma nemi bayanin asusunka na shekara shidan nan daga banki. Idan ka rubuta labarin aiki na farko, turo mini in karanta. Ka gaishe da Baba da iyali.