Tambaya da Amsa: Manyan Kalmomin Turanci

Tambaya: Malam, ina shirin rubuta JAMB, amma manyan kalmomin Turanci sun addabe ni. In na haddace su da daddare, kafin gari ya waye sun gudu. Yaya zan yi?
Ɗaliba daga Zariya

Amsa: 'Yata, daina haddar ƙamus, ki nemi saiwar kalma. Da yawansu daga Latin suka fito. Bene na nufin alheri, shi ya sa benevolent mai kirki ne. Male kuwa sharri ne, don haka malevolent mai mugun nufi. Kamar dai ilimi da malami, tushensu ɗaya a Larabci.

Ni kalma 5 kacal nake rubutawa kullum, kowacce tare da jimlar da na tsince ta. Washegari sai na yi tawa jimlar da ita.